Tafkin da Dada Ta Ce Babu Shi

Ni ba na cikin masu cewa komai na da ya fi na yanzu. Akwai abin da in na tuna sai kewa ta kama ni har in ji ƙwalla, akwai kuma wanda in na tuna sai raina ya ɓaci, in rasa wanda zan kama da faɗa. Hirar da muke yi da kakarmu a gidanmu na Ƙofar Dumi ta haɗa duka biyun.

Dada muke ce mata, ita ta haifi Babanmu. 'Yar wani ƙauye ce da ke cikin duwatsun bayan Dass. Ta shigo garin Bauchi tun Baba yana goye, kuma tun da na yi wayo ban taɓa ganin ta koma ƙauyen nan ba, ko biki ko ta'aziyya. Gajeriya ce, mai ƙaramar murya, tana tauna goro da haƙoran gefe don na gaban sun daɗe da tafiya. Ɗakinta yana kusa da madafi, da 'yar rumfar kwano a ƙofarsa. Da damina, in an idar da sallar isha, galibi an ɗauke wuta, sai ta kwaso garwashin da ya rage a murhun tuwo ta zuba a wani tsohon kasko, ta jera masara a kai. Mu kuwa mu kewaye ta, mu da 'ya'yan maƙwabta, kowa yana tura ƙafarsa kusa da wuta, sauro yana cin rabonsa.

Ba ta fara tatsuniya sai an roƙe ta. Ta juya masara, ta yi kamar ba ta ji ba, sai mun kusa fushi sannan ta ce, "To, ga baƙuwa can a zaure, wa zai shigo da ita?"

Mu haɗa baki mu ce, "Ta shigo, mun share mata wuri!"

Tana da su da yawa, na kura, na zomo, na wani marowaci da ya kwana a cikin rumbunsa don kada ɓera ya riga shi. Mukan yi dariya har Umma ta leƙo ta ce mu rage murya, akwai masu barci. Amma akwai guda ɗaya da ba ta kawo ta sai lokacin marka, in ruwa ya kama sauka ba dare ba rana, kwatoci suka cika, garun gidaje suka fara jiƙa. Da ta ɗauko wannan, Baba da yake kishingiɗe yana jin rediyo sai ya naɗe tabarmarsa ya fita zaure. Mun ɗauka hayaniyarmu ce take damunsa.

Bari in faɗa muku tun yanzu abin da mu ba a faɗa mana ba, don ni wallahi na tsani ɓoye-ɓoye. Wannan ba tatsuniya ba ce. Labarin ɗan Dada ne na fari, yayan Babanmu, wanda ruwa ya ci a ƙauyensu. Manyan gidan duk sun sani, mu yara ba wanda ya ce mana uffan. A wajen mutanenmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yi masa magana a gaban jama'a, ba ta nuna ta damu da shi, ko yana raye ko ya mutu. Kunya ke nan, kuma wadda ta fi riƙe ta ita ake yabo. Dada ta riƙe ta da hannu biyu. Da abin ya cika mata ciki, sai ta mayar da shi tatsuniya, kuma duk cikinmu mutum ɗaya take yi wa ita, yayana Hamza.

Yaya Hamza shi ma ɗan fari ne a wajen Umma, don haka ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Wannan yaron," ko "yayanku," shi ke nan. Tun da aka yaye shi Dada ta ɗauke shi, a ɗakinta ya tashi. Tsakaninsu kuwa wasan kaka da jika ne ba ƙaƙƙautawa. Tana ce masa "Angona," yana ce mata "amaryata mai haƙori biyu." Ta zage shi tas, ya sace mata goro, ta bi shi da muciya. Ba abin da ba ta iya faɗa masa, in ban da abu ɗaya.

Shi kuma Allah Ya jarabce shi da son ruwa. Tun bai kai ya shiga makarantar allo shi kaɗai ba ya gano kududdufan bayan ganuwa, inda ake haƙar ƙasar gini. Ya dawo gida idanu jajur, jiki fari fat, ya rantse ƙwallo ya je. Baba ya kamo hannunsa ya karta da farce, in layi ya fito fari to ƙarya ta ƙare, sai bulala. Ya sha duka har na daina iya kallo. Gobe ma ya koma. Dada tana zaune tana ganin duk wannan, goron bakinta ya ƙi taunuwa.

Ga yadda take ba da labarin.

Wai a wani ƙauye cikin duwatsu an yi wata mata, Allah Ya ba ta ɗa namiji, ya girma har ya isa kora awaki. Mukan katse ta mu ce, "Dada, yaya sunansa?"

Ta ce, "Yaro dai. Ku labari kuke so ko suna?"

Wata rana akuya ɗaya ta ɓalle daga cikin garke, yaron ya bi ta. A daidai nan muryar Dada take sauyawa. Ta daina juya masara, ta zuba wa garwashi ido, ta riƙa faɗin hanyar a hankali kamar mai biya karatu.

"Ka bi ta bayan gari ka haura, har inda dutse ya rabe biyu kamar an fasa ƙwarya. Ka shige ta tsakani a karkace, don faɗin mutum ɗaya ne. Za ka ga itacen kanya ya fito daga cikin dutse, ba ƙasa ko kaɗan a gindinsa. Ka sunkuya ta ƙarƙashin sarƙaƙiya. Kunnenka ne zai fara jin sa kafin idonka ya gani."

Ruwa ne yake zubowa siriri daga saman dutse, yana taruwa a wani kwarmi mai faɗin tsakar gida. Garau yake, kana ganin tsakuwar bakinsa, da sanyi irin na sabuwar randa. Ba sawun mutum, ba sawun saniya, ba dutsen wanki, ko kwaɗo babu. Yaron ya sha, ya wanke ƙafa, ya kamo akuyarsa, ya dawo gida da magariba yana haki don murna. Ya tsaya a gaban uwarsa ya zayyana mata hanyar duka, ya ce, "Inna, na samo ruwa nawa ni kaɗai, gobe zan shiga."

Uwar ta san ruwan. Duk wani babba a garin ya san shi. Ruwa ne da ake ganin inda yake shiga, ba a ganin inda yake fita, don bakinsa yana can ƙasa, ƙarƙashin dutse. Da rani yana kwance lafiya, amma in marka ta zo bakin nan ja yake yi, saman ruwan kuwa ko motsi babu. To ranar gidan cike yake. Uwar mijinta tana zaune, ga baƙi mata daga wani gari an shimfiɗa musu tabarma. Ta juya ta kama ɗan fari da magana a gabansu? Ai sai a tafi da ita a baki har garinsu. Sai ta dubi bango ta ce, "Wasu dai su yi hankali da yawo." A ranta ta ce gobe da sassafe za ta ja shi bayan ɗaki su kaɗai. Da sassafe aka tura ta rijiya saboda baƙi. Kafin ta dawo ya kwance awaki.

"Da la'asar awaki suka dawo," in ji Dada, "su kaɗai."

Maza suka haura. Suka tarar da rigarsa a ninke a kan dutse, ya ɗora sandarsa a kai don kada iska ta ɗauka. Bayan kwanaki ruwa ya fito da shi can ƙasa, a rafin da mata suke wanki. Da aka zo faɗa wa uwar, tana tsakiyar daka. Ta ji, ta ce Allah Ya jiƙan Musulmi, ta ci gaba da dakanta don akwai masu jiran tuwo.

Sauran tatsuniyoyinta takan sallame su da wasa, ta ce, "Baƙuwa ta tafi, wanda ya raka ta ya dawo mana da goro." Wannan kuwa ba ta sallamarta. Sai ta bar masara tana ƙonewa, ta ɗago ta dubi Yaya Hamza.

"Angona, ka ji ko? In ka ga ruwa mai kyau mutane sun bar shi, ba rashin sani ba ne ya sa suka bari."

Shi kuwa ɗan banzan, baki cike da masara, ya ce, "Na ji, amarya. Amma in an wuce kanyar nan, dama ake yi ko hagu?"

Yara su fashe da dariya, ta jefe shi da totuwa, a watse. Ni kam ba na dariya. Nakan ƙudundune cikin zanin Umma in kasa barci, ina ganin rigar nan a ninke. Da safe Yaya Hamza ya ce mini in daina shirme, dodon ruwa take nufi, kuma malaminsu ya ce babu wani dodo a ruwa. Kowace damina Dada ta maimaita, kowace damina ya ƙara haddace hanyar. Ita tana ba shi tsoro, shi abin da yake ji kawai akwai wani ruwa garau a wani wuri da ba kowa.

Muka girma. Na yi aure a Ƙofar Ran, na kama aikin rigakafi a asibiti. Yaya Hamza ya koyi gyaran famfon sola, shi da abokin aikinsa Bulus, mutumin wajen Bogoro, wani dogo mai sanyin hali da ko kwata ba ya son tsallakewa. Aikin ya ba shi abin da yake nema tun yana yaro, wato yawo. Yau suna Toro, gobe Ningi, jibi Alƙaleri. Duk garin da suka sauka, da an gama ɗaura famfo sai ya tambayi yara inda ake wanka. In suka nuna masa, ba nan zai shiga ba, sai ya bi rafin ya yi ta haurawa har sawun mutane ya ƙare. Ya taɓa zuwa ruwan ɗumin Wikki da baƙi suke zuwa wanka sau ɗaya, ya dawo yana yatsina, ya ce wannan ai kasuwa ce. Wayata ta cika da hotunansa, nan wani kwarmi a gindin dutse, nan wata kwana ta kogi da itatuwa suka rufe.

"Zuwaira, duba nan," haka yake aiko mini da murya. "Ba kumfar sabulu, ba kashin shanu, ba mai kallonka. Ni da Allahna kawai."

Nakan ce masa, "Kai dai Allah Ya shirye ka, ka nemi mata ka zauna." Gwani ne ƙwarai, ban taɓa jin tsoro a kansa ba. Wanda ya ƙetare kogi a cike, me wani ɗan tafki zai yi masa?

Wata Juma'a cikin marka na je gida gaisuwa. Dada ta tsufa sosai a lokacin, idonta ya yi hazo, ba ta tashi sai an kama ta. Tana zaune a rumfarta da carbi, Umma tana tankaɗe a gefe, Baba yana bakin ƙofa yana gyaran lema. Yaya Hamza ya shigo a jiƙe, yana fara'a, ya zube a gabanta.

"Amarya, albishirinki. An ba mu aiki a garinku, jibi za mu tafi. Wallahi sai na nemo tafkin nan naki na yi wanka, in ɗebo miki ruwansa a gora ki yi alwala."

Carbin ya tsaya a hannunta. Rariyar Umma ta tsaya. Baba ya ƙura wa lemarsa ido kamar yau ya fara ganinta. Ni ina cin gyaɗa, ban fahimci komai ba, na ɗauka ruwan da ake yi ne ya sa kowa ya yi tsit.

Can Dada ta ce, "Wane tafki? Kai dai ba ka da hankali. Tatsuniya ce, babu shi. Ni na ƙaga shi don in tsorata ku."

"To in babu shi ai ba asara, zan sha iska."

"Na ce maka babu shi. Kada ka wahalar da ƙafarka."

Baba ya yi gyaran murya ya ce, "Ka dai yi abin da ya kai ka, ka dawo."

Umma ta dubi garin da ke cikin ƙwarya ta ce, "A dai riƙa jin maganar manya."

Shi ke nan abin da suka ce. Haba jama'a! Manya uku, kowannensu ya san akwai ruwan, ya san abin da ya yi, ga yaro a gabansu ya faɗi ranar da zai je. Dada ba za ta iya cewa "ɗana" ba. Baba ba zai iya tona abin da uwarsa ta rufe a gabanta ba. Umma ba za ta iya kallon ɗan fari ta ce masa kada ka je ba, alhali surukarta tana zaune. Kowa ya kare mutuncin kowa. Dada ta yi lissafin cewa in ta ce babu shi, ba zai nema ba. Ita da ta raine shi, ta manta cewa Yaya Hamza in ka ce masa abu babu, to ka aike shi ne.

Ranar da suka gama aikin, ina asibiti wajen azahar, saƙonsa ya shigo. Na danna. Ƙarar ruwa ce ta fara fitowa, sannan dariyarsa.

"Zuwaira! Maza ki je ki ce wa amaryata na kama ta. Dutsen yana nan a rabe, kanyar tana nan, har sarƙaƙiyar. Kai, ke dai bari! Ban taɓa ganin ruwa irin wannan ba. Ki ce mata maƙaryaciya ce, kuma gorarta tana tafe."

Na yi dariya ni kaɗai. Na ce wannan sai na kai mata da kaina, in ga yadda za ta kare kanta. Na ƙarasa aikina ba gaggawa, na tari keke, har na tsaya na saya mata goro a bakin Ƙofar Dumi. Na same ta a rumfa, na ce, "Dada, angonki ya aiko miki da saƙo," na kara mata wayar a kunne.

Tsohuwar da ba ta tashi sai an kama ta, sai ga ta tsaye. Ta damƙi wuyan hijabina, ƙarfin da ban san tana da shi ba.

"Kira shi! Kira shi, ki ce kada ya shiga! Akwai shi, wallahi akwai shi! Ya ci mini ɗaya, Zuwaira, ya ci mini ɗana!"

A nan na sani. A tsaye, da ƙullin goro a hannu, duk daminonin nan suka faɗo mini a ka lokaci ɗaya. Na kira wayarsa. Ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na sake. Umma ta fito daga ɗaki ta tsaya riƙe da ƙyaure. Na sake kira, aka ɗauka, na ce, "Yaya!" Sai na ji muryar Bulus, ta dushe kamar ba tasa ba.

"Anti, tun ɗazu nake neman yadda zan faɗa muku. Anti, ya shiga bai fito ba."

Daga baya Bulus ya zauna a zaurenmu ya ba da labarin, yana yi yana share fuska da hularsa. Ya ce a bakin gari sun haɗu da wata tsohuwa da itace a ka, Yaya Hamza ya kwatanta mata wurin. Ta ce, "Mu dai ba ma zuwa can." Ya ce me ya sa? Ta ce, "Haka muka tarar." Ba ta ƙara ba, baƙo ne, ba ta so ta yi masa baƙin baki. Yaya Hamza ya juya ya ce wa Bulus, "Ka ji ko? Shi ya sa zai yi tsabta." Da suka isa ya aiko mini da saƙon, ya miƙa wa Bulus wayar, ya shiga. Ya ƙetare ya dawo yana ihu don daɗi. Karo na biyu ya nutsa ta wajen da ruwan yake zubowa. Bulus ya ce bai ga fafutika ba, bai ga hannu ba, ruwan ya rufe kawai ya koma yadda yake. Ya yi ta kiran sunansa har muryarsa ta tafi, sannan ya ruga cikin gari.

Mutanen garin ba su ko haura ba. Suka ce a je a jira a rafin ƙasa. A can ya fito, kuma a garin aka binne shi, don jikin ba zai jure tafiya ba. Baba ne ya je, shi da baffanninmu.

Zaman makokin nan ba zan manta da shi ba har in mutu. Umma ta zauna a kan tabarma, ido a bushe, tana amsa gaisuwa, har tana tambaya ko an kai wa baƙi ruwa. Ina ji da kunnena wata tana ce wa wata, "Kai, baiwar Allahn nan akwai kunya, ko ɗigon hawaye." Na ji kamar in ɗauki tukunya in rotsa a tsakar gidan. Da dare kuwa ina jin ta ta bango, ta cusa zani a baki. Dada ce kaɗai ta yi kuka a fili, don ba a jin kunyar jika. Ta yi kukan da ya fi ƙarfin mutum ɗaya, har liman ya aiko a ce mata ta yi haƙuri, ana jin ta a masallaci. Mutane suka ce sabo ne, ita ta raine shi. Ni na san na mutum biyu take yi.

Bayan an watse na shiga ɗakinta. Ban shiga da ladabi ba, ba zan yi muku ƙarya ba, raina a ɓace yake.

Na ce, "Dada, me ya hana ki faɗa masa?"

Ta ce, "Na faɗa masa. Duk damina na faɗa masa."

"A tatsuniya kika faɗa."

"To da wane baki zan faɗa?"

"To ko a tatsuniyar, don me kika riƙa ba shi hanya? Dutse, kanya, sarƙaƙiya, ba ki taɓa tsallake ko ɗaya ba. Ai ke kika kai shi."

Da na faɗi haka na so in haɗiye maganata, amma ta riga ta fita. Ba ta yi fushi ba. Ta daɗe tana murza bakin zaninta.

"Hanyar nan ba tawa ba ce," ta ce. "Haka ya faɗa mini ita ranar, yana haki. Ita ce magana mafi tsawo da ya taɓa yi mini, kuma ko kallonsa ban yi ba. In na cire ta, me ya rage mini nasa?"

Faɗan da na shigo da shi ya mutu a bakina. Na zauna kusa da ita, na kama hannunta, na ce, "To yaya sunansa? Ba kowa a nan, ni da ke ne."

Ta buɗe baki. Na ga leɓenta yana motsi. Ta rufe, ta kawar da kai, ta ce, "Tambayi babanki."

Ba ta kai wata daminar ba. Har ta koma ga Allah ba ta faɗa ba. Baba ne ya gaya mini, a zaure, murya ƙasa-ƙasa kamar mai sata. Idrisu ne sunansa.

Na daɗe ina juya tatsuniyar nan a raina. Dada ta ɗauka darasinta a kan ruwa yake, mu ma haka muka ɗauka. Amma ruwa bai ɓoye wa kowa komai ba, yana can inda Allah Ya ajiye shi, halinsa ɗaya tun fil azal. Mutane ne suka san halinsa suka yi shiru, a ƙauye da birni, da can da yanzu, kuma duk don kirki suka yi. Na yarda kwana ne ya ƙare, ba na jayayya da hukuncin Allah. Amma ba wanda zai sa in yarda cewa shirun nan ibada ne. Ina son Dada har gobe, ina yi mata addu'a kowace sallah, kuma har gobe ina jin haushinta.

Yanzu aikin rigakafi yana kai ni ƙauyuka, ni ma ina ganin irin wuraren nan, ruwa kwance a gindin dutse, inuwa ta rufe shi, ba kowa. Suna da kyau ƙwarai, na gane abin da yake jan yayana. Matasan da muke tafiya da su sukan ce a tsaya su watsa ruwa. Sai in ce a bari in tambaya. Ba na tambayar ko ana wanka a nan, don na san amsar da za a ba baƙo. Nakan samu babba a garin in gaishe shi, in ce, "Baba, wa ya mutu a ruwan can?" Sai ka ga an dubi juna. Ba na tafiya sai an ba ni amsa, kuma sau da yawa akwai suna.

Ɗana na fari, Mustafa, ya fara tasawa, kuma jinin ya bi shi, da ya ga ruwa jikinsa yake rawa. Na zaunar da shi na ba shi labarin Idrisu da na Hamza da rana tsaka, da sunayensu, da sunan garin, ba garwashi ba masara. Kwanan baya ya shigo yana cewa abokansa sun gano wani wurin wanka a bayan madatsar ruwan Gubi, za su je ranar Asabar. Surukata tana zaune a falo. Na ce, "Mustafa, zo nan. Dube ni. Ba za ka je ba, don ina tsoron ka mutu, kuma in ka mutu ba zan iya ba."

Ya yi tsuru-tsuru ya fita. Surukata ta riƙe haɓa ta ce, "Oh ni! Zuwaira, ɗan fari ne fa. Ke ko 'yar kunyar nan babu?"

Na ce, "Babu, Hajiya."

Na leƙa tsakar gida na sake kiran sunansa da ƙarfi, ba don ina da aike ba. Ya amsa.